Kafe, Shayi da Goro: Abin da Yawan Shansu Ke Yi wa Jiki

Darasinmu na wannan fitowa a kan kafe ne. Dattawa suna kiransa gahawa, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna ce masa kofi. Za mu haɗa shi da shayi da goro, domin abin da ke aiki a cikinsu guda ne.

A da, abin karin kumallo a ƙasar Magarya da Dungas shi ne koko, ko fura, ko ɗumamen tuwo. Yau kuwa da wuya a sami tasha ko kasuwa da babu teburin mai shayi. Haka abin yake a Bande, da Waca, da Malawa, da Dogo-Dogo, har zuwa bakin iyaka a Tinkim. Direbobi da ƴan kabu-kabu suna sha don kada barci ya ɗauke su. Masu kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis suna sha don su jure tafiyar dare. Masu noman rani suna sha kafin ban-ruwan asuba. Samari kuma suna raba dare a fada, butar shayi tana kan gawayi.

Ba a noman kafe a Nijar, don itacensa yana son ruwa mai yawa da inuwa. Asalinsa daga ƙasar Habasha ne, ya bi ta Yaman ya watsu cikin duniya. Garin kafe mai narkewa a ruwan zafi mai suna Nescafé, an fara sayar da shi a ƙasar Suwizalan a shekarar 1938. A yammacin Afirka akwai masana'antarsa a birnin Abijan. Irin kafen da aka fi nomawa a ƙasar Kwaddibuwa sunansa robusta, ƙarfinsa kuma ya kusan ninka na ɗan'uwansa arabika.

Mene ne a cikinsa?

Abin da ke wartsake mai sha wani sinadari ne da ake kira kafeyin. Yana cikin kafe, yana cikin ganyen shayi, yana cikin goro. Ana kuma zuba shi a lemunan kwalba baƙaƙe, da lemunan da ake tallar su da sunan ƙara kuzari, da wasu ƙwayoyin ciwon kai da ciwon jiki.

Ga yadda yake aiki. Tun daga safiya, yayin da mutum ke kai da komo, wani sinadari yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Likitoci suna kiransa adenosin. Shi ne manzon gajiya: in ya taru sai ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana bukatar hutu, sai hamma ta zo, ido ya yi nauyi. Kafeyin yana zuwa ya zauna a mazaunin wannan manzo, ya hana saƙon isa. Gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba, mutum ne kawai ya daina jin ta. Duk mai jaki ya san bambancin bulala da harawa. Bulala tana sa jaki ya yi sauri, amma ba ta cika masa ciki. To, kafe bulala ce. Babu abinci a cikinsa sai sukari da madarar da aka zuba.

Kada a ce mun ce kafe guba ne. Babba mai lafiya wanda ke shan kofi ɗaya ko biyu a yini ba shi da abin tsoro. Bincike da dama ma sun nuna cewa masu shan sa daidai wa daida, ba tare da tulin sukari ba, ciwon hanta da ciwon sukari ba su cika kama su kamar sauran mutane ba. Maganarmu a kan wuce iyaka ce, yau da gobe, shekara da shekaru.

Ina iyakar take?

Ana auna kafeyin da miligiram. Miligiram 1000 su ne giram 1. A shekarar 2015 hukumar da ke kula da lafiyar abinci ta ƙasashen Turai ta ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, kuma kada ya sha fiye da 200 a zama ɗaya. Mace mai ciki kuwa iyakarta 200 a yini duka.

Ƙaramin cokali ɗaya na garin kafe yana da kimanin miligiram 60. Kofin shayi na ɗan ƙunshin Lipton yana da 40 zuwa 50. Ƙaramin gwangwanin lemun kuzari yana da kimanin 80. Busasshen goro yana da kafeyin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa, saboda haka babban goro guda yana iya kai kofi biyu na kafe. Shayin fada da ake bari ya daɗe yana tafasa, finjalinsa ƙarami ne amma na farko yana da ƙarfi ƙwarai.

Mu yi lissafi. A ce ɗan kabu-kabu ya sha kafe mai cokali 2 da safe, ya sami 120. Da azahar ya maimaita, ya zama 240. Da la'asar ya sha lemun kuzari, ya zama 320. A tsakani ya ci goro, a ce 100, ya zama 420. Ya riga ya wuce iyaka tun kafin ya zauna a fada da dare. In an tambaye shi zai ce kafe biyu kaɗai ya sha, kuma bai yi ƙarya ba. Sauran ne bai lissafa ba.

Barci shi ne farkon abin da ake asara

Kafeyin yana daɗewa a jini. Hanta ce ke narkar da shi, kuma tana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ta kawar da rabinsa. Wanda ya sha miligiram 200 da ƙarfe 4 na yamma, da ƙarfe 9 na dare saura 100 a jikinsa, da ƙarfe 2 na dare saura 50. Wasu sukan ce: "Ni ko na sha shayi da dare barci nake yi." Gaskiya ne yana iya ɗaukarsu, amma barcin ba ya nisa. Sai mutum ya tashi da asuba jiki a mace kamar bai kwanta ba. Don ya wartsake sai ya nemi kafe mai ƙarfi. Da dare barci ya sake lalacewa. Da haka ake shiga kewayen da ke da wuyar fita.

Hausawa sun ce ba a cin bashin barci. Wanda ya shekara yana barcin awa 4 ko 5 zai biya da jikinsa: saurin fushi da iyali, mantuwa, kasala a gona, da raunin jiki wajen yaƙi da cututtuka. Ƙarancin barci na tsawon lokaci yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari. Ga direbobi kuwa hatsarin ya fi kusa. Kafe yana iya riƙe ido a buɗe na ɗan lokaci, amma idan gajiya ta kai maƙura, barci yakan fizge mutum na ɗan ƙiftawar ido ba tare da ya sani ba. A kan hanyar Magarya zuwa Zinder, da mota cike da mutane da buhuna, ƙiftawar ido ɗaya ta isa. Direban da ya ji barci ya tsaya a gefen hanya ya kwanta ko da na minti 20 ne.

Zuciya da hawan jini

Bayan an sha kafe mai ƙarfi, awon jini yakan hau na wasu awoyi. Ga mai lafiya yana komawa daidai. Wanda ya sha da yawa yakan ji zuciyarsa tana bugawa da sauri ko tana tsalle, hannu yana rawa, zufa tana karyo masa, yana jin fargaba ba dalili. Mutane da yawa in sun ji haka sai su ɗauka sammu ne ko iska, su tafi neman rubutu da hayaƙi, alhali dalilin yana cikin kofin da ke hannunsu.

Mai hawan jini shi ne ya fi bukatar kula. A shekarar 2022 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Japan, inda aka bi dubban mutane shekaru masu yawa. An ga cewa masu hawan jini mai tsanani, wato daga 160 bisa 100 zuwa sama, idan suna shan kafe kofi 2 ko fiye a yini, hatsarin mutuwarsu da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya ninka na waɗanda ba sa sha. Abin damuwa shi ne hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya shekara 10 da shi bai sani ba. Awon jini ba ya ɗaukar minti 5 a gidan likita. Muna ba duk wanda ya kai shekara 40 shawara ya je a auna shi ko da sau ɗaya ne a shekara. In aka sami 140 bisa 90 ko fiye, a awo biyu na ranaku dabam, to akwai magana.

Ciki da maƙoshi

Kafe yana sa ciki ya ƙara fitar da ruwan tsami. Shi ya sa mai shan sa da sassafe, ciki ba kome, yakan yi fama da ƙwannafi da zafin ƙirji. Kafe ba shi ne ke haddasa gyambon ciki ba. Mafi yawan gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko kuma yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen. Amma mai gyambon ciki in ya sha kafe, kamar an zuba barkono ne a miki.

Akwai kuma maganar zafi. A shekarar 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta duba wannan batu. Ba ta sami hujjar cewa kafe kansa yana kawo ciwon daji ba. Amma ta ce duk abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65, akwai kyakkyawan zaton yana kawo ciwon dajin maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Ƙuna ce ƙarama da ake maimaitawa kullum. A wurinmu ana ganin kurɓar shayi yana tururi kamar jarumta ce. A ajiye shi minti 4 ko 5 ya huce. Wannan gargaɗi ya shafi kunu da koko ma.

Mata masu ciki, masu shayarwa da yara

Nan ne muke so a fi tsayawa, don nan ne cutarwa ta fi ɓoyuwa.

Abin da mai ciki ta sha na kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan da ke cikinta, shi kuwa hantarsa ba ta nuna ba balle ta narkar da shi. Ita ma uwar, a watanni ukun ƙarshe, jikinta yana ɗaukar lokaci ninki biyu ko uku kafin ya kawar da shi. A shekarar 2016 OMS ta ba da shawara cewa mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a yini ta rage, domin a kauce wa ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Mata da yawa a karkara ba sa shan kafe, amma suna cin goro don tashin zuciya ko don kwaɗayin ciki. Goro ma a cikin lissafi yake. Mai shayarwa ita ma ta rage, don kaɗan daga ciki yana shiga nono, jariri sabon haihuwa kuma yakan yi kwanaki kafin jikinsa ya fitar da shi. Sai a ga yaro yana ta kuka ya ƙi barci.

Abu na biyu shi ne ƙarancin jini. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini, kuma yana samunsa daga hanta, nama, kifi, wake, gero, zogale da sauran ganyaye. A cikin shayi da kafe akwai wasu sinadarai masu bauri da ke kama wannan ƙarfe a cikin hanji su hana shi shiga jini. An gwada an ga kofin shayi da aka sha tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka da kimanin kashi 60 cikin 100, kafe kuwa da kimanin kashi 40. Ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye shi ya fi saurin kamuwa, shi ne kuwa abincinmu na kullum.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna yara 73 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kuma 46 cikin 100. A asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da yara a shekarar 2005, damina da kaka su ne lokacin da ake cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, da yawansu har sai an ƙara musu jini. Manyan dalilan ƙarancin jini su ne zazzaɓin cizon sauro, da rashin abinci mai gina jiki, da tsutsar ciki. Shayi ba shi ne tushe ba. Sai dai yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, a ce karin kumallonsa shayi ne da burodi, an ƙara masa nauyi a kan nauyi. Zaƙin kuma yana kashe masa yunwa ya ƙi cin abincin kirki. A ganinmu babu dalilin ba yaro ƙarami kafe ko baƙin shayi. Kunun gyaɗa, ko kokon da aka sa wa garin wake, ko fura da nono sun fi masa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai.

Mai cikin da aka ba ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awon ciki ta haɗiye su da ruwa, kada ta kora da shayi. Mai son shayi ya bar tazarar awa 1 zuwa 2 tsakaninsa da cin abinci. Lemun tsami, tumatir, gwaba da garin ƴaƴan kuka suna taimakon jiki ya ɗauki ƙarfe, a riƙa haɗawa da su.

Abin da ake zubawa a ciki

Sau da yawa sukarin ya fi kafen illa. A shekarar 2015 OMS ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a cokali 6 ya fi. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ne. Kofi guda mai cokali 4 da madara ya cinye rabin rabon yini. Ƙarshen wannan shi ne ruɓewar haƙori da ƙiba, ƙiba kuma ƙofar ciwon sukari ce.

Mafi muni shi ne tramol. Wasu matasa da leburori suna jefa wannan ƙwaya a cikin kafe don su yi aiki ba gajiya. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, in ya yi yawa yana tsayar da numfashi. Mai gona da ya ɗauki ƴan ƙwadago kada ya yarda a haɗa musu irin wannan don a gama noma da wuri. Kowa kuma ya tsaya a haɗa masa kafensa a gaban idonsa.

Yadda za a rage

Jiki yana sabawa da kafeyin. Wanda ya saba, in ya bari farat ɗaya, ciwon kai yakan kama shi bayan awa 12 zuwa 24, tare da kasala da ɓacin rai. Abin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 9 sannan ya wuce. Wannan ne ciwon kan da masu shayi da goro ke fama da shi a farkon azumi. Wasu sai su sayi ƙwayar ciwon kai wurin masu tallar magani, ita ma da kafeyin a cikinta. Ciwon ya lafa yau, gobe ya dawo.

Saboda haka a rage sannu a hankali. Mai zuba cokali 2 ya koma 1 da rabi na mako guda, sannan ya koma 1. Mai sha sau 4 ya fara barin na dare, bayan mako ya bar na la'asar. Daga azahar zuwa kwanciya a bar kafe. A fada, finjali na uku ya fi na farko sauƙi, kuma ana iya dafa citta da kanumfari, ko ganyen geza wanda ake kira kinkeliba, ko soɓorodo, don babu kafeyin a cikinsu. Zaman hira ba ya lalacewa don an canja abin da ke cikin buta. Mai niyyar ragewa saboda azumi ya fara tun watan Sha'aban. A gona, lokacin zafi, ruwa shi ne abin sha na farko.

Wanda yake jin ciwon ƙirji, ko numfashi yana yanke masa, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba har ya ji jiri, kada ya tsaya jiran ragewa ta yi aiki. Ya tafi gidan likita ranar nan, ya faɗa wa malamin lafiya duk abin da yake sha, har da goro da ƙwayoyi.

Aikin aji

Malami ya rubuta wannan a allo, ɗalibai su lissafa. A ce kofin kafe dala 20 ne, mutum kuma yana shan 3 a yini. Dala nawa yake kashewa a yini? A kwana 30 jikka nawa ke nan? A wata 12 fa? Amsa: dala 60 a yini, jikka 9 a wata, jikka 108 a shekara. Kowa ya tambayi kuɗin buhun gero da na tunkiya a kasuwar garinsu, ya kwatanta.

Bayan haka kowane ɗalibi ya ɗauki littafinsa ya rubuta, har kwana 7, kafe da shayi da goron da ya sha ko ya ci, da lokacin da ya sha, da awoyin da ya yi barci a daren. A kawo littattafan aji mako mai zuwa, a karanta, a tattauna.